Banish na ruwa a kan kibiyar katako: amsa ga ƙanena na Riyad

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni a warsha, kuma bana so in baka amsar layi biyu a kan abinda nasan zaka kashe kuɗinka da lokacinka a kai. Abinda na fahimta shine ka yi odar sandunan kibiya dozin ɗaya na katakon sida (cedar) masu kaurin 11/32 na inci, kana zaune a shagga, wato fulat, a Riyad babu fili babu suɗuhi, wato saman bene, ka taɓa buɗe gwangwanin banish na mai a ɗaki warin ya tayar wa yaronka da asma, yanzu kana so ka koma na ruwa amma wani yace maka ruwan zai kantarar da sandar, kuma wai gashin tsuntsun da ake mannawa a gindin kibiya ba zai kama a kai ba. Toh Allah ya ƙara wa yaro lafiya, shi ne gaba da komai.

Amsar a taƙaice: eh, ka yi da na ruwa, yana yi sosai. Ni sana'ata kenan fentin katako a nan Jidda sama da shekara ashirin, ƙofofi da kabad da teburan mutane, kibiya kuma sha'awa ce da na gada, kuma yau shekaru kenan kusan duk kibau na da na ruwa nake gama su. Amma akwai sharaɗi guda wanda in ka karya shi duk abinda mutumin nan ya faɗa maka sai ya tabbata a kanka, shine haƙuri da shi har ya nuna. Bushewa daban, nuna daban, zan dawo kan wannan domin nan ne mutane suke faɗawa.

Bari mu fara da tsoron kantarewa tunda shi ya fi damunka. Gaskiya ne katako yana shan ruwa ya kumbura, amma ka duba yawan ruwan da ke cikin shafe ɗaya siriri a kan sanda mai tsawon inci 32, bai kai cokalin shayi ba, kuma a iskar Riyad cikin ƴan mintuna ya tashi. Abinda ke kantarar da sanda shine gefe ɗaya ya jiƙe ɗayan yana bushe, ko ka shafa ka jingina ta da bango tana ɗauke da nauyin kanta a karkace, ko ka kwantar da ita a tebur gefen ƙasa bai samu iska ba. In ka shafa ta zagaye gaba ɗaya lokaci guda ka rataye ta a tsaye, da ƴar maƙalar shanya a igiya, babu abinda zai same ta. Sai dai akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba, kuma inaga shi ne asalin wannan magana da ake yaɗawa. Wasu sandunan da ake sayarwa an miƙar da su ne ta hanyar danne gefen da ya yi tozo, wato a goga masa ƙarfe mai santsi ko ƙugiya har jijiyoyin wajen su matse sandar ta miƙe. Toh mu masu katako mun san in tebur ya lotsa, ɗigon ruwa muke sa wa wajen mu ɗora tsumma da dutsen guga, lotsawar ta taso ta koma daidai. Haka ruwan banish yake yi wa wajen da aka danne, sai jijiyoyin su farfaɗo, karkatar da aka ɓoye ta dawo, mutum yace ai banish ne ya lalata min kibiya, alhali dama can a karkace take. Maganin shine ka tayar da wannan rigimar tun kafin banish ya hau, ka jiƙa tsumma ka matse shi sosai ka goge kowace sanda, ka rataye ta bushe, sannan ka mirgina ta a kan gilashi ko marmar ɗin kicin ka ga wacce ta yi tsalle, ka miƙar da ita da tudun tafin hannu a hankali, ka bar ta kwana ɗaya ka sake dubawa. Bayan shafe na farko ma ka sake mirginawa. Daga na biyu zuwa sama ruwan baya kaiwa ga katakon kuma.

Kafin ma wannan, dan Allah kada ka taɓa su a sati biyun farko da isowarsu. Sidar Port Orford daga yankin Oregon na Amurka take fitowa, wajen ruwan sama da laima, masu katakon fayin (pine) da sifurus (spruce) kuma daga Turai ko Amurka ta Arewa, katakon yana zuwa da danshin can a jikinsa. Katako kuwa kullum neman daidaita kansa yake da iskar da yake ciki, in laimar iska tana wajen kashi 65 cikin ɗari danshinsa yakan tsaya wajen kashi 12, in ta sauka zuwa 30 ya koma wajen 6, a bazarar Riyad kuwa da laima kan faɗi zuwa wajen kashi 10 sai ya gangara ƙasa da haka sosai. Kaga kenan sandar tana da tafiya a gabanta, zata saki ruwa, zata ɗan motsa, nauyinta zai ragu kaɗan, taurinta ya ɗan ƙaru. Ka kwance ɗaurin, ka shimfiɗa su a waje mai faɗi a ɗakin da zasu zauna, nesa da taga da bakin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sati biyu. In ka rufe su da banish tun suna kan hanya zasu ci gaba da motsin a ƙarƙashinsa a hankali, bayan wata biyu ka ga kibiyar da ka sha wahala a kanta ta karkace.

Gogewar nan da jiƙaƙƙen tsumma tana da amfani na biyu. Da zarar ruwa ya taɓa katako sai tsikarsa ta tashi, ka shafa ka ji kaushi kamar gemun kwana biyu, waɗannan ƙananan jijiyoyi ne da samfefa ta yanke ta kwantar, ruwa ya miƙar da su. In ka bari sai banish ne ya tayar da su, zasu daskare a ciki a tsaye. Bayan ta bushe ka ɗauki samfefa, sanfarar nan mai lamba 320, ka bi tsawon sanda sau uku huɗu da hannu mara nauyi, ba zagaye ba, aske gashin kawai kake so, in ka matsa ka ci cikin katakon ka buɗe sabbin jijiyoyi aikin ya dawo farko, kuma ka rage wa sandar tauri. Kada ka kusanci soson ƙarfe ko kaɗan, irin wanda masu banish na mai suke so, ɓurɓushinsa yana maƙalewa a katako ruwan ya sa shi tsatsa, ka wayi gari da ɗigo ɗigon baƙi a ƙarƙashin banish wanda babu yadda zaka cire. Kuma saboda yaronka, wannan gugar kada ka yi ta a ɗaki, ƙurar sida tana da ƙamshi mai daɗi amma tana tayar da ƙirji, ka sauka ƙasa wajen fakin ko ka tafi da su istiraha, gidan shaƙatawar nan, ka sa takunkumi, ka kaɗe rigarka kafin ka shiga gida.

Yanzu wanne zaka saya. A kasuwa in kace warnish ma'i zasu gane, amma ka juya gwangwanin ka karanta da kanka. Akwai akirilik zalla, akwai foliyuretan na ruwa, akwai gaurayen biyun. Akirilik, irin su Polycrylic na Minwax, yana fita garau kamar gilashi kuma yana da sauƙin sha'ani, amma ya fi laushi. Foliyuretan na ruwa ya fi jure guga, kuma wanda na fi so a cikinsu shine wanda aka yi domin daɓen katako, barke ɗin nan, tunda an yi shi ne dan a taka shi da takalmi, kibiya kuwa rayuwarta duk guga ce, ta gogi baka ta gogi abin bara, wato soson da ake harbi, ta gogi yashi. Wanda aka rubuta na waje ne ko na jiragen ruwa yana da kariya daga rana amma da gangan ake yinsa da taushi dan ya bi motsin katako, shi ya fi saurin kama soso a abin bara. Ka leƙa SACO ko shagunan Jotun da Jazeera ka tambaya, ƙaramin gwangwani ya ishe ka dozin da yawa. Ka ɗauki mai sheƙi, lammaa. Mara sheƙin, wato maɗfi, akwai wani gari a cikinsa da ke kwantawa a gindin gwangwani, in baka juya shi sosai ba wata kibiyar ta yi ƙyalli wata ta dushe, in kuma baka son ƙyallin sai ka yi duk shafen da mai sheƙi a ƙarshe ka dusar da shi da soson roba mai laushi.

Da ka buɗe zaka gan shi fari kamar madara, kada gabanka ya faɗi, haka yake. Abinda ke ciki ƙananan ƙwayoyin roba ne suke yawo a ruwa, ba narkewa suka yi ba, tare da ɗan wani sinadari kaɗan da ke tausasa su. In ka shafa, ruwan ne yake fara tashi, ƙwayoyin su matso juna su cunkushe, sai sinadarin nan ya sa su manne su zama fata ɗaya, sannan shi ma ya fita a hankali a hankali fatar ta yi ƙarfi. Matakin farko awa ɗaya zuwa biyu ne, a Riyad ma bai kai ba. Matakin ƙarshe kuwa sati uku ne zuwa wata guda, kuma masu yinsa da yawa haka suke rubutawa a bayan gwangwani da ƙananan haruffa. Wannan shine abinda nake nufi da bushewa da nuna. Ka taɓa shi bayan awa biyu ka ji ya bushe ƙayau, amma ka danna farce a wajen da ba a gani zaka ga ya shiga, ka shinshina zaka ji ɗan wari yana fita, yana gaya maka bai gama ba.

Ni kaina a nan na fara cin karo da shi. Dozin ɗina na farko na shafa ranar Laraba, na manna gashi ranar Alhamis, Juma'a bayan la'asar na fita da su bayan gari. Kowace kibiya in na zare ta daga abin bara sai ta fito da baƙin soso manne a gabanta kamar tsawon tafin hannu, sai da ƙarfi ma take fita, uku a ciki gashinsu ya ɗago tare da fatar banish ɗin gaba ɗaya. Abin ya min ciwo ƙwarai domin sandunan masu kyau ne, na kankare su duka na sake daga farko. Dalilin maƙalewar soson shine kibiya tana shiga da gudu, gugar tana haifar da zafi nan take, banish ɗin da bai nuna ba sai ya yi laushi ya haɗe da robar abin baran. Da na sake yi na bar su sati uku cur, da gwangwanin nan dai guda, matsalar ta kusa ɓacewa, ɗan abinda ya rage kuma ina goga busasshen sabulu ko kakin kyandir a gaban kibiya kamar inci shida kafin harbi, shikenan tana fita salin alin.

Wajen shafawa hanya biyu ce, ko tsomawa ko gogawa da tsumma. Masu tsomawa suna samun fayif na roba da ya ɗara sandar tsawo, su toshe ƙasansa, su cika da banish da aka sirka da ruwa kaɗan, su tsoma sanda su zaro a hankali su rataye ta ɗige. Yana bada fata mai kyau kamar an zuba gilashi, amma gaskiya ga mai dozin ɗaya a shagga ban baka shawara ba, yana cin banish da yawa, kumfa tana damunsa sai ka zuba ka bar shi ya kwana kafin ta kwanta, kuma ƙasan sandar yakan fi saman kauri tunda can yake gangarawa, sai dai ka riƙa juya kai da gindi a kowane tsomi. Ga kuma ɗiga a kan tayil. Ni gogawa nake yi. Ka yanki tsohuwar singileti ta auduga wadda ta sha wanki bata zubar da zare, ko ɗan soso mai laushi, ka zuba banish kaɗan a kofi daban kada ka riƙa tsoma tsumma a gwangwanin, ka jiƙa, ka naɗe sandar da shi ka ja daga sama zuwa ƙasa jan farko, ka ɗan juya ta ka sake ja, ka rataye. Iyakarta kenan. Kada ka koma kana gyara wajen da ka wuce, wannan dabi'ar masu na mai ce domin shi yana baka lokaci, na ruwa kuwa cikin minti ɗaya ya fara kamawa, in ka koma sai ka ja shi ya yi zane. In ka ga inda ka tsallake ka bar shi, shafe na gaba zai rufe. Kuma gwangwanin juyawa ake yi da ɗan itace a hankali, ba a girgiza shi, girgiza ita ke cika shi da kumfa.

A nan ne garinku da namu suka bambanta. Mu a Jidda ruɗuba, wato laimar iska, ce matsalarmu, musamman wajen Agusta da Satumba, ruwan baya samun inda zai tashi, shafen ya daɗe yana danƙo wani lokacin ya yi hazo, dole sai a ɗaki mai mukayyif. Ku kuma naku saurin bushewa ne ya yi yawa, kafin ya kwanta ya baje ya riga ya kama, sai ka ga sawun tsumma da ƙananan ƙuraje. Abinda zaka yi, ka sirka shi da ruwa mai tsabta kamar kashi ɗaya cikin goma, kada ka wuce abinda gwangwanin ya yarda, ka yi aikin bayan asuba ko da dare, ka kashe mukayyif ɗin ɗakin ko ka kauda iskarsa daga kan sandunan, ka ajiye bokitin ruwa ko ka shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin. In gidan yana da mukayyif sahrawi, mai aiki da ruwan nan, ma ya taimake ka tunda shi laima yake ƙarawa. Ranar da guguwar ƙura ta taso gari ya yi ja kada ka buɗe gwangwani sam, ƙurar nan tana shiga ko ta ina. Sannan sanyinku na Disamba da Janairu, in ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 10 ƙwayoyin nan basa mannewa da kyau, fatar ta fito fari fari tana marmashewa, dan haka kada ka rataye su a baranda su kwana. Kuma duk da warinsa kaɗan ne ba wai babu komai a cikinsa ba, ka yi a ɗaki daban ka rufe ƙofa ka ɗan buɗe taga, yaro kada ya shiga sai washegari.

Shafe nawa? Ni huɗu nake yi sirara, wani lokacin biyar a kan fayin domin ya fi sha. Tsakanin kowane biyu awa biyu zuwa uku, kada ka yi fiye da uku a rana ɗaya ko da ka ga ya bushe, domin in ka tara su da sauri na ƙasan baya samun numfashi nunarsa ta ƙara nisa. Bayan na farko da na biyu ka bi da samfefa lamba 400 sama sama ka share ƙurar da ɗan danshin tsumma. Na ƙarshe ba a taɓa shi. Ka samu ƙaramin sikelin nan na masu zinare ka auna kowace sanda kafin ka fara ka rubuta a jikin salatif, giram ɗaya giren 15 ne da ɗan ɗori, giren shine ma'aunin nauyin kibiya, a hannuna shafe huɗu baya wuce ƙarin giram guda, kuma wannan dama ce, wadda ta fi sauran rashin nauyi sai ka ƙara mata shafe ɗaya ko biyu ta matso kusa da ƴan uwanta.

In kana son launi, toh ka sani na ruwa baya ba katako wannan jan zumar da na mai yake bayarwa, yadda katakon yake haka zai bar shi, wasu ma suna ganin ya yi fari fat. Alherinsa kuma baya komawa ruwan ɗorawa da tsufa, in ka yi farin fenti a gindin kibiya ko zobban ado zai zauna fari. Rini na ruwa in ka sa shi a ƙasa, tsumman banish zai narkar da shi ya ja shi ya ɓata, na sibirto, wato sipirit, irin na masu fata ya fi zama lafiya. Rini na mai kuwa sai ya yi kwana uku ko fiye ya bushe sarai in ba haka ba banish ɗin ya riƙa tsinkewa a kai kamar ruwa a kan faranti mai maiƙo, kuma kai da kake gudun wari babu ruwanka da shi ma. Dabarar da ke raba duk wannan gardama itace shafe ɗaya siriri na jamalakka, wato shellac, wadda aka cire wa kaki, tana kulle rinin, tana hana tsikar katako tashi sosai, tana bada ɗan launin zuma, kuma na ruwa yana kama ta. Ka tabbata dai mara kaki ce, mai kakin bata riƙe shi. Zobban ado ka yi su da fentin akirilik na masu zane bayan shafe na biyu, su kwana, sannan sauran shafen su hau kai.

Sai maganar gam da gashi, inda mutumin naka yake da rabin gaskiya. Ba kowane gam ne yake shiri da kowane banish ba, kuma sunan da ke jikin kwalba baya isa ya gaya maka. Fletch-Tite na Bohning an yi shi ne ya dace da irin banish ɗin kamfaninsu, a kan foliyuretan wani ya dace wani bai dace ba. Duco mutane da yawa suna jin daɗinsa a kan katako. Sufa gulu mai kauri yana kama na ruwa da kyau a gwajina, illarsa yana da ƙarfi amma baya lanƙwasa, kuma in ya yi yawa yakan bar farin hazo a gefe. Salatif ɗin manna gashi mai fuska biyu shima yana yi, sai dai zafin ƙasar nan yana sa shi zamewa in ba ka ɗiga gam a kai da gindin gashin ba. Abinda nake yi duk lokacin da na canza gwangwani ko gam, guntayen da na yanke daga sandunan nake shafawa tare da kibau a rana ɗaya da adadi ɗaya, in lokacin manna ya yi sai in fara manna guntun gashin talotalo a kansu, bayan kwana biyu in fizge da ƙarfi. In gashin ya yage ya bar ƙashinsa a manne, gam ɗin ya yi. In ya ɓalle tsaf ya bar banish sumul, gam ɗin ne bai dace ba. In kuma ya taho da fatar banish, ko dai bai nuna ba ko bai kama katakon ba tun farko. Mafi ƙaranci ka jira sati ɗaya kafin manna gashi, ka ɗan kashe sheƙin wajen da soson roba, ka share, kada yatsa mai maiƙo ya taɓa. Harbi kuma sai sati uku daga shafen ƙarshe.

Fiƙen gaba mai digiri 5 inda tsini zai zauna, da na baya mai digiri 11 inda nok, wato ɗan abin mai tsagin da ke kama tsirkiya, zai zauna, ka bar su katako tsirara, ko ka naɗe da salatif kafin shafa ko ka fiƙe bayan ka gama, domin gam a kan banish ƙarfinsa iya ƙarfin banish ɗin ne. Tsinin ni da gam ɗin ifoksi nake sa shi a nan, gam ɗin narkawa da wuta yana saki in kwari ya wuni a mota, kuma motar da ke rana a bazara cikinta yana wuce digiri 60, wannan zafin banish ɗin kansa yana tausasa shi kibau su manne da juna, sandunan kuma su karkace. Kada ka bar su a mota, ko na awa biyu ne. Kafin ka sa rini ko ado ka yi wa kowace sanda alama inda jijiyar take, tsagin nok ya gitta layukan katakon, kuma tsinayen jijiyar nan masu kama da harshen wuta da ke gefen sama su kalli gaba, dan in Allah ya kawo karyewa tsagin ya yi sama ya bar hannunka. Wannan ma wani alherin na ruwa ne, tunda garau yake kana ganin jijiya kana ganin tsaga tun tana ƙarama. Duk kibiyar da ta bugi dutse ko ƙarfe ka lanƙwasa ta kusa da kunne ka saurara, in ka ji ƙas ka karya ta biyu da hannunka ka zubar.

Ba zan ɓoye maka inda na mai ya fi shi ba. Wajen hana laimar iska shiga da fita na mai ya fi, duk da babu banish ɗin da yake hanawa gaba ɗaya, jinkirtawa kawai suke yi. Wanda yake farauta a ƙasar damina, kibiya ta ɓace a jiƙaƙƙiyar ciyawa ta kwana biyu, shi zan ce masa ya yi da na mai. Kai kuwa a Riyad abokan gabarka yashi ne da zafi da bushewa, na ruwa mai kyau shafe huɗu ya ishe ka, kuma in gaban ya goge bayan wata shida gyaransa minti biyar ne, ka bi da 400 ka ja tsumma sau ɗaya ka rataye. Kakana da ya biyo ta Sudan ya zo ƙasar nan maharbi ne a gida kafin ya taso, kibansa na kyauro ne babu gashi babu fenti, domin kyauro da fatarsa mai santsi Allah ya halicce shi, ita ce banish ɗinsa. Na kawo wannan ne saboda in wata rana ka koma sandunan gora, fatar nan tasu bata karɓar na ruwa sai ka ɗan kashe santsinta da samfefa tukuna, in ba haka ba zai ɓare kamar bawon albasa.

Ka fara da sanda biyu cikin dozin ɗin, waɗanda suka fi muni, ka bi duk matakan a kansu har zuwa harbi, sauran goman suna hutawa suna sabawa da iskar ɗakin. In ka sayo gwangwanin ka ɗauki hoton bayansa inda aka rubuta lokacin bushewa da yawan sirki ka turo min, tare da sunan gam ɗin da kake da shi da nauyin jan bakanka, sai in gaya maka ko akwai abinda zaka canza kafin ka buɗe shi. A gaida maiɗakin da yaro, Allah ya bashi lafiya mai ɗorewa.